Muhammadu Ɗan Tanoma

Muhammadu Ɗan Tanoma (ya rasu a shekarar 1851) shi ne sarki na bakwai a jerin sarakunan Gumel, masarautar da ke arewacin Jihar Jigawa ta yau a Najeriya. Ya yi sarauta daga 1828 zuwa 1851, wato shekara 23, a lokacin da Gumel ke bin Borno tana tsare mata iyakarta ta yamma, inda ƙasar Shehun Borno ta haɗu da Kano da Haɗejia, waɗanda ke ƙarƙashin Daular Sakkwato. Shi ne ya tashi daga Tumbi ya dawo da fada garin Gumel na yanzu. 'Ya'yansa uku, Ceri da Abdullahi da Abubakar, sun yi sarauta a bayansa, kuma duk sarakunan da Gumel ta yi tun daga 1872 daga tsatson Abubakar suka fito.

Asali da dangi

Gidan sarautar Gumel na Mangawa ne, wani reshe na Barebari da ke zaune a yammacin ƙasar Borno, a yankin da yanzu ya rabu tsakanin kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar da arewacin Jihohin Yobe da Jigawa. Ɗan Juma na ɗaya ne ya kafa sarautar wajen shekarar 1749 ko 1750. Ya rasu a 1754, kuma jim kaɗan bayan rasuwarsa masarautar ta shiga cikin masu kai gaisuwa ga Mai na Borno, wanda a lokacin yake zaune a Birnin Ngazargamu.

Mahaifin Ɗan Tanoma shi ne Sarki Maikota ɗan Adamu Karro, wanda ya riƙe sarauta daga 1777 zuwa 1804. Bayan Maikota 'ya'yansa uku ne suka hau ɗaya bayan ɗaya: Kalgo (1804 zuwa 1811), sai Ɗan Auwa (1811 zuwa 1828), sannan Ɗan Tanoma. Ke nan ya daɗe yana ɗan sarki kuma ƙanin sarki kafin abin ya zo kansa. Shekara 24 ta wuce tsakanin ƙarshen mulkin mahaifinsa da hawansa, kuma su ne shekarun da aka sake fasalin ƙasar Hausa da Borno gaba ɗaya.

Gumel tsakanin Borno da Sakkwato

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, shekarar da Kalgo ya hau. Kano ta faɗi a 1807. A kudu maso gabashin Gumel, Fulanin da Umaru da ƙaninsa Sambo ke jagoranta suka karɓi tuta suka mallaki ƙasar Haɗejia da Auyo, Malam Zaki kuma ya kafa Katagum. A 1808 aka ci Ngazargamu kanta, Mai ya gudu. Borno ba ta farfaɗo ba sai a hannun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya gina Kukawa a 1814. Daga yamma kuma Ɗan Tunku ya kafa Kazaure.

Cikin wannan hali Gumel ta tsira, ba ta taɓa shiga Daular Sakkwato ba. Amma tsirar ta bar ta a wani matsayi mai wuya: maƙwabtanta na kudu da na yamma duk masu tutar Shehu ne, uban gidanta kuwa yana can gabas, tafiyar kwanaki da yawa. A ƙarshen 1826 da farkon 1827 al-Kanemi ya taso da babbar runduna ya nufi Kano, har Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi ya mayar da shi baya. Daga nan manyan dauloli biyun ba su sake yin gagarumin karo irin wannan ba. Iyaka ta tsaya kusan inda take, aka bar ƙananan masarautun bakin iyaka suna fafatawa a tsakaninsu. Shekara guda bayan wannan yaƙi Ɗan Tanoma ya hau, kuma daga wannan shekara ta 1828 ake ƙirga farkon doguwar gabar Gumel da Haɗejia, wadda ta kai shekara 44.

Bin Borno ba ya nufin Kukawa ce ke tafiyar da al'amuran Gumel na yau da kullum. Kamar Machina da Muniyo da Damagaram, Gumel tana da sarkinta daga gidanta, da fadawanta, da dakarunta. Abin da ke kanta shi ne ta aika gaisuwa, ta ba da mayaƙa idan Shehu ya nema, sannan idan an yi sabon sarki a nemi amincewar Kukawa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi yin tasiri a gidan Ɗan Tanoma bayan rasuwarsa.

Ƙaura daga Tumbi

Kafin zamaninsa fadar tana Tumbi, kimanin kilomita 30 arewa da Gumel, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Wajen shekarar 1845 ya dawo da ita inda take yanzu, kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da birnin Kano. Wanda ya dubi taswira zai ga abu biyu a wannan ƙaura. Sabon mazaunin yana kan babbar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Kukawa, sannan ya ɗan ƙara nisa daga Damagaram, wadda duk da ita ma Borno take bi, ƙarfinta ya fara wuce na sauran 'yan uwanta. A ɗaya ɓangaren kuma ƙaurar ta matso da shi kusa da Haɗejia da kuma garuruwan Kano na bakin iyaka irin su Garki. Sarkin da ke gudun faɗa ba zai zaɓi wannan wuri ba.

Shekarun ma ba na kwanciyar hankali ba ne a Borno. Al-Kanemi ya rasu a 1837, ɗansa Umar ya gaje shi. A 1846 Wadai ta kawo yaƙi don goyon bayan tsohon gidan Saifawa, aka ƙone Kukawa, kuma a ƙarshen wannan rikici gidan Saifawa ya ƙare bayan ɗaruruwan shekaru yana mulki. A Haɗejia kuma Buhari ɗan Sambo ya hau a 1848, ya yi wa Sakkwato tawaye, ya addabi duk maƙwabtansa har ya rasu a 1863.

Ƙasa da mayaƙa

Ƙasar Gumel jigawa ce, rairayi, ruwan samanta kaɗan ne, kuma ba ta da babban kogi irin na Haɗejia. Gero da dawa da wake ake nomawa, rayuwar ƙauye kuma ta rataya ne a kan rijiya. A ƙarni na 19 fili bai yi ƙaranci ba a irin wannan ƙasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai sare daji ya yi noma, saboda haka arzikin sarki ko hakimi ana auna shi ne da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa, da dawakinsa, da dabbobinsa. Wannan ne ya sa yawancin hare-haren bakin iyaka ba don a ƙwace gona ake kai su ba. Mutane da shanu ake kora.

Tsarin da aka sani a masarautun yankin, na Hausa da na Borno duka, shi ne ƙasa tana hannun sarki. Shi ke ba masu sarauta garuruwa su riƙe, su tara haraji da zakkar hatsi, su ɗauki rabonsu su miƙa saura. Baƙon da ya zo neman wurin zama wajen mai gari zai je a yanka masa daji. Sarki da manyan fadawa suna da gandaye, waɗanda bayi ke nomawa, kuma yawancin bayin nan kamammun yaƙi ne. Mai riƙe da gari shi ne kuma mai fito da mayaƙan garin, don haka mallakar ƙasa da aikin yaƙi ba a raba su.

Babu rundunar da ke zaune a bariki tana karɓar albashi. Akwai dai bayin sarki da barorin manya waɗanda yaƙi ne sana'arsu, su ne ke hawan dawaki, wasu da lifidi, wasu da sulke da kwalkwali, riƙe da mashi da takobi. Sauran jama'a manoma ne da ake kira idan an buga kuge ko tambari, su fito da baka da kibiya mai dafi, ko garkuwa da mashi. Yawanci da rani ake fita, bayan an kai amfanin gona gida. Bindiga ba ta yi yawa ba a zamanin Ɗan Tanoma. Sai a mulkin Tanimu na Damagaram, wanda ya zauna daram daga 1851 zuwa 1884, aka ga sarkin yankin da ya tara bindigogi masu yawa har ana ƙera masa igwa a Zinder. Kariyar talaka ita ce ganuwa: manyan garuruwa na da ta ƙasa da gwalalo, ƙananan kuma kafi da shingen ƙaya. Idan an ji ƙurar mahara, a kwashi yara da dabbobi a shige ciki.

Kasuwar kanwa da zuwan Barth

Bayanin da ya fi kowane fitowa fili game da Gumel a zamanin Ɗan Tanoma ya zo ne daga Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ke yi wa gwamnatin Ingila aiki, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdulkarim. Ya baro Kano a watan Maris na 1851 zai tafi Kukawa, ya bi ta Garki, ya tsallaka iyaka ya sauka a Gumel. Shekara kaɗan ke nan da dawo da fada, amma ya tarar da gari cike da mutane da kasuwa wadda girmanta ya ba shi mamaki, ga shi kuma an gaya masa ta ranar Asabar ta fi wadda ya gani.

Abin da ya riƙe kasuwar shi ne kanwa. Ana haƙo ta a ƙasar Muniyo da bakin Tafkin Chadi, ana kai ta har ƙasar Nufe. Barth ya lura cewa fataken Borno ba kasafai suke wuce Gumel da kayansu ba. A nan suke sayarwa, wasu fatake su ɗauka su yi gaba. Ya ƙiyasta kayan kanwar da ya gani a kasuwar sun kai dubu ɗaya aƙalla. Kayan takarkari na mai kyau ana sayar da shi wuri 5,000, kayan jaki na maras kyau kuma wuri 500. A Kano a lokacin dalar azurfa ɗaya tana kusan wuri 2,500, wato kayan takarkari guda ya kai dala biyu. A Gumel ɗin ne kuma wasiƙu daga Turai suka riske shi bayan watanni da yawa bai ji daga gida ba, tare da dala biyu, a lokacin da hannunsa ya kusa ƙarewa.

Mai karatu na yau zai iya raina kanwa, tun da abin da ya sani shi ne ɗan gutsuren da ake jefawa a miyar kuka ko a tukunyar wake. A wancan zamani kaya ce ta fatauci mai nisa. Ana ba dabbobi, ana haɗa ta da taba, ana magani da ita, majema da marina suna buƙatarta. Garin da kaya irin wannan ke sauya hannu a cikinsa yana samun kuɗin fito da na dillanci da na masauki, kuma daga nan ake sayen dawaki da sulke. Zaman lafiyar hanya shi ne jarin sarkin Gumel, shi ya sa abin da ya biyo bayan rasuwarsa ya yi wa garin mummunar illa.

Rasuwa da rikicin gado

Barth ya same shi yana dattijo, kuma a cikin wannan shekara ta 1851 ya rasu. Ɗansa Ceri ya gaje shi, amma bai zauna lafiya ba. Wajen 1853 aka kawar da shi, Muhammadu Atu, wanda shi ma ɗan gidan ne, ya hau. Wannan ya zo daidai da rikicin Kukawa, inda Abdurrahman ya ƙwace mulki daga ɗan uwansa Shehu Umar a ƙarshen 1853, Umar kuma ya dawo a 1854. Idan kujerar da ke tabbatar da sarki ita kanta tana rawa, duk mai neman sarauta a ƙananan masarautu yakan ga ƙofa a buɗe. Ceri ya dawo da ƙarfin yaƙi ya sake riƙe Gumel har 1861.

Barth ya sake biyowa ta Gumel a ƙarshen 1854, yana dawowa daga Timbuktu. Garin da ya bari cike da fatake shekara uku da rabi da suka wuce ya same shi ya zama kusan kufai, yaƙin 'yan gida ya cinye shi, mutane da yawa sun watse.

Abdullahi ɗan Ɗan Tanoma, wanda ake kira Abdu Jatau, ya hau a 1861. A zamaninsa gaba da Haɗejia ta kai ƙarshenta: a 1872 Sarkin Haɗejia Haruna ya ci rundunar Gumel a Zaburan, Abdullahi ya rasu a wannan yaƙi. Ɗan uwansa Abubakar ya gaje shi ya yi shekara 24, daga 1872 zuwa 1896. Faɗa da Haɗejia ya lafa, amma arewa ta buɗe. Damagaram ta riga ta fi ƙarfin Kukawa ta tsawata mata, kuma bayan Rabeh ya ci Borno a 1893 babu sauran uban gidan da Gumel za ta kai wa kuka. Hare-haren kamun bayi daga Zinder sun rage mutanen ƙasar ƙwarai a ƙarshen ƙarnin.

Zuriyarsa a zamanin Turawa

Jikansa Ahmadu ɗan Abubakar ne ke kan gado (1896 zuwa 1915) lokacin da Turawa suka iso, kuma sun iso ne ta fuska biyu. Faransawa sun ci Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899 suka shiga Zinder, sannan a watan Afrilu na 1900 aka kashe Rabeh a Kusuri. Ingilishi kuma sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A wannan shekara Ahmadu ya amince da mulkinsu ba tare da yaƙi ba. Haɗejia ta ɗauki wata hanya dabam: a watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka afka wa garin, Sarki Muhammadu ya rasu yana faɗa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Akan kwatanta sarakunan biyu, amma halin da suke ciki ba ɗaya ba ne. Haɗejia tana da ganuwa mai ƙarfi da tarihin cin yaƙi, Gumel kuwa ta fito ne daga shekarun hare-hare, kuma ba ta da mubaya'a ga Sarkin Musulmi da za ta kare.

Iyakar da ta raba ƙasar kakanninsa an shata ta ne a Turai. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. An sake gyara shi a 1898, da 1904, da 1906, musamman saboda Faransawa na neman hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Zinder da Chadi. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi layin tana kafa alamomi, guda 148, aka tabbatar da aikin a 1910. Tumbi ta faɗa ɓangaren Faransa, Gumel ta faɗa na Ingila, Maigatari ta zama garin bakin iyaka. Da Ɗan Tanoma bai yi ƙaurar da ya yi ba, da fadar gidan tana ɓangaren da ya zama Nijar.

Mulkin Turawa ya bar gidan a kan sarauta amma ya cire ginshiƙan da Ɗan Tanoma ya tsaya a kansu. An hana kai hari da cinikin bayi. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da yake ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa duk filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, sarakuna suka zama masu rabawa a madadinsa. Aka kafa baitulmali, sarki da hakimai suka koma karɓar albashi. Mahayan lifidi suka zama na hawan salla. An sa Gumel cikin Lardin Kano, daga baya a sashen arewa na lardin tare da Haɗejia da Kazaure.

Hanyar fatake ma ta sauya. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, bai bi ta garin Gumel ba. Ya ratsa kudancin masarautar ne, inda aka yi tasha a Gagarawa, kuma gyaɗa ta karɓi matsayin da kanwa ke da shi a da. Cinikin ƙetare iyaka kuma ya tattara a Maigatari, wadda kasuwar dabbobinta ta shahara har yau.

Bayan Ahmadu sarauta ta bi daga uba zuwa ɗa ba tare da ta karkata ba: Muhammadu na Kota (1915 zuwa 1944), sai Maina Muhammadu, sannan Ahmad Muhammad Sani na biyu, wanda ya hau a farkon shekarun 1980 a matsayin sarki na 16. Wannan lissafi na 16 yana fita ne idan an ƙirga Ceri sau biyu. A Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, Gumel tana cikin masarautunta biyar tare da Haɗejia da Kazaure da Ringim da Dutse, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Sunaye da harshe

Mai neman labarinsa a littattafai zai ci karo da rubutu iri-iri. Barth ya rubuta sunan garin da baƙin "m" biyu, Gummel, sunan Ceri kuma ya rubuta shi Sheri, wasu kuma Cheri. A rubutun Turawa ba a sa lanƙwasar "Ɗ", don haka Dan Tanoma ake gani, wani lokaci a haɗe, Dantanoma. Jerin sarakuna kuma yakan kawo Muhamman a maimakon Muhammadu.

Mangawa suna da karin harshensu na Barbarci, wanda har yanzu ake yi a gabashin Nijar da arewacin Yobe. A Gumel kuwa Hausa ta daɗe da zama harshen gida da na fada. Alamar asalin ta rage a sunaye da sarautu. Maina, wanda ya zama sunan jikan jikan Ɗan Tanoma, kalmar Barbarci ce mai nufin ɗan sarki. Galadima da Ciroma da Yarima ma daga Borno suka fito, sai dai su sun bazu a duk ƙasar Hausa tun kafin a kafa Gumel.